Sandar Awo a Bakin Lilo: Yaushe Ɗan Yaye Ya Isa Hawa?

A bakin manyan liluna na filayen wasan Disney da ke jihar Florida ta Amurka, akwai wata sanda a tsaye mai ɗan ƙarfe a gicciye a samanta. Duk yaron da aka yi shakkar tsayinsa sai an tsayar da shi a gindinta, ya miƙe, duga-dugansa a ƙasa. In kansa ya taɓa ƙarfen ya wuce. In da sauran rata, ko ta kaurin ɗan yatsa ce, sai ma'aikacin ya ba iyaye haƙuri. Roƙo ba ya aiki a wurin, kukan yaro ma haka, kuɗin tikitin da aka kashe kuwa ba ya ƙara wa kowa tsayi.

Lilon da ake wa wannan tsanani shi ne jirgin hawa-da-gangara: 'yan taragai a jere bisa dogo mai lanƙwashe-lanƙwashe, a ja su zuwa ƙololuwa, a sake su su gangaro da nauyinsu, su hau, su sauka, su karya kwana. Babu direba a ciki. Na farko da ya yi suna a Amurka, wanda LaMarcus Thompson ya kafa a Coney Island a 1884, gudunsa bai fi kilomita 10 a awa ba. Na yau wasu sun haura kilomita 100, amma abu ɗaya bai sauya ba: da zarar an saki tarago daga sama, babu mai iya tsayar da shi sai ya iso inda aka dasa masa birki.

Tsayin sandar ya danganta da jirgin. A bakin Barnstormer, ƙaramin jirgin da aka yi don yara a filin Magic Kingdom na Disney, an kafa ta a inci 35, wato santimita 89. A bakin Seven Dwarfs Mine Train santimita 97 ce. Space Mountain na neman 112, TRON kuwa, wanda ya fi duka gudu a filin, sai mai 122. Idan aka ɗora waɗannan lambobi a kan ma'aunin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, za a ga inda maganar take. Matsakaicin ɗa namiji mai shekara 2 tsayinsa santimita 87 ne, mace kuma kusan 86. A shekara 3 sun kai 96 da 95. A shekara 5 suna wajen 110. Ke nan sandar Barnstormer tana buɗe ƙofa ga yaron da bai fi 'yan watanni da cika shekara 2 ba, wanda a gidajenmu bai daɗe da barin nono ba, bai gama iya haɗa magana ba, wani ma har yanzu da famfas yake kwana.

To, don sanda ta ce ya wuce, ya isa ke nan? Iyaye da yawa haka suke ɗauka, kuma a nan kuskuren yake. Sandar tambaya ɗaya tak take amsawa: shin ƙarfen kujera zai iya riƙe wannan jiki? Sauran tambayoyin duk an bar wa uwa da uba.

Abin da sandar ke aunawa

Injiniyoyin da ke ƙera jirgin suna zana kujera da ƙarfen da ake saukewa kan cinya bisa girman jikin da suke sa ran zai zauna. Ana so bayan mai hawa ya manne da majingina, gwiwarsa ta lanƙwasa a bakin kujera, ƙarfen ya sauka kan cinya ya danne ƙugu. Ƙashin ƙugun babba yana da fiffike biyu a gaba da ke tare ƙarfe ko bel. Na ƙaramin yaro bai gama fitowa ba, cinyarsa gajera ce kuma siririya, saboda haka ƙarfen kan bar rata, ko ya hau kan cikinsa inda babu ƙashi. Ratar da babba ba zai ko lura da ita ba ta isa ɗan shekara 2 ya sulale ta ƙasa ko ya zame ta gefe.

Sai maganar kai da wuya. Kan jariri kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu na tsawon jikinsa, na ɗan shekara 2 wajen ɗaya cikin biyar, na babba kuwa wajen ɗaya cikin takwas. Wannan babban kai yana zaune ne a kan wuyan da tsokarsa ba ta yi ƙwari ba, jijiyoyin da ke ɗaure ƙasusuwansa kuma suna da sassauci. Babba in ya hango kwana yakan ƙanƙame jiki tun kafin a iso ta. Ɗan yaye bai san da zuwanta ba, sai dai kansa ya wulla gefe ya bugi majingina ko kafaɗar na kusa.

Akwai kuma nauyi. A ƙasan gangara, inda tarago ke juyowa sama, nauyin mai hawa manyan jirage kan ninka sau uku zuwa huɗu na ɗan lokaci. A saman tudu kuma akasin haka ke faruwa, jiki ya nemi rabuwa da kujera. Duk wanda ya taɓa zama a bayan a-daidaita-sahu direba ya haye tudun rage gudu bai taka birki ba ya san yadda mutum ke tashi sama ba da niyya ba. Wannan ya isa amsa ga uban da ke cewa, "Bar shi, zan riƙe shi a cinya." Yaro mai kilo 13 yana komawa kilo 39 ko fiye a daidai lokacin da hannun uban shi ma ya ninka nauyi, sannan nan take ya koma marar nauyi yana neman suɓucewa sama. Ƙarfen kariyar kuwa, in an sauke shi a kan mutum biyu, ko dai ya danne cikin yaron ko ya ƙi kullewa yadda ya kamata. Babu wani filin wasa na ƙwarai da ke yarda a hau irin wannan jirgi da yaro a cinya, kuma suna da gaskiya.

Wani abu da ke nuna ba gudu kaɗai ake dubawa ba: Seven Dwarfs yana kaiwa wajen kilomita 55 a awa, Space Mountain na Florida kuwa bai kai 50 ba, amma na biyun ne ke neman ƙarin santimita 15. Space Mountain a cikin duhu yake tafiya, kwanoninsa na zuwa ba gargaɗi, kujerunsa kuma a jere suke ɗaya bayan ɗaya, babu yadda uwa za ta zauna a gefen ɗanta. Yaron da ya hau shi, shi kaɗai ne da hankalinsa har a sauka.

Ga iyayen da ke sa wa yaro takalmi mai tudu, ko su cusa takarda a cikin takalmin, ko su tayar masa da gashi don ya taɓa ƙarfen awo: an yaudari ma'aikaci, amma cinyar yaron tana nan yadda take, ita ce kuma ƙarfen zai nema.

Darasin da aka biya da tsada

Ya kamata a faɗi gaskiya, mummunan haɗari a manyan filayen wasa ba kasafai ba ne. Ƙungiyar masu filayen wasa ta duniya, IAAPA, tana ƙiyasta cewa a dawwamammun filaye na Amurka mummunan rauni bai fi ɗaya ba cikin hawa sama da miliyan 15. Lissafin masu kasuwa ne, amma ko an rage masa wani abu, hanyar zuwa filin a mota ta fi lilon kansa haɗari. Sai dai kuma raunukan da ba su kai na kwanciya asibiti ba suna da yawa. Masu bincike a asibitin yara na Nationwide da ke Columbus a jihar Ohayo, ƙarƙashin Dokta Gary Smith, sun wallafa a 2013 cewa tsakanin 1990 da 2010 yara 92,885 aka kai ɗakin gaggawa a Amurka sakamakon lilo, wato sama da 4,400 duk shekara. Kai da wuya ne suka fi jin jiki, kashi 28 cikin 100, kuma babban sanadi shi ne faɗuwa: daga kan lilo, a cikinsa, ko a kansa.

Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne kason da ƙananan liluna suka ɗauka. Kashi 12 cikin 100 na raunukan sun faru ne a kan 'yan motoci da dawakin da ake jefa wa kwabo a bakin manyan kantuna, waɗanda kowa ke wa kallon abin wasa. Galibi ba su da bel, ƙasansu daɓe ne mai tauri, masu hawansu kuma su ne 'yan yaye. Iyaye na tsoron babban jirgi su sake jiki da ƙarami, alhali ɗan shekara 2 ya fi faɗowa daga inda aka juya masa baya don amsa waya.

A watan Agustan 2016, a filin Idlewild da ke jihar Pensilbeniya, wani ɗan shekara 3 ya faɗo daga Rollo Coaster, tsohon jirgin katako da aka gina a 1938, wanda ake ɗauka na iyali ne, ba na masu neman tashin hankali ba. Yayansa, shi ma yaro, shi ne a gefensa. Da jirgi mai saukar ungulu aka kai shi asibiti a Pittsburgh, Allah Ya yi da sauran kwana. Jirgin bai sake aiki ba sai 2018, bayan an sauya masa taragai masu bel da ƙarfen cinya. A Satumbar 2021 kuma, a filin Glenwood Caverns na jihar Kolorado, wata 'yar shekara 6 ta rasu a wani lilo mai sakin mutane cikin rami mai zurfin sama da mita 30. Binciken hukuma ya gano cewa a kan bel ɗin ta zauna, yana kulle tun daga hawan da ya gabata, ba a ɗaura mata shi ba. Na'ura ta yi gargaɗi, ma'aikatan ba su fahimci abin da take nufi ba, suka share gargaɗin suka saki lilon. Da babba ne, da ya ce, "Tsaya, ba a ɗaure ni ba." Yarinya 'yar shekara 6 ba ta san akwai abin faɗa ba, ina ga ɗan shekara 2.

Duka biyun a ƙasar da ke da ƙa'idojin ƙira a rubuce suka faru, inda kwamitin injiniyoyi na ASTM ke tsara ma'aunai, jihohi kuma ke tura masu duba. Duk da haka idon da ya rage tsakanin yaro da haɗari shi ne na babban da ke zaune a gefensa. Shi ya sa Disney ta kafa dokar cewa duk ɗan ƙasa da shekara 7 sai da rakiyar wanda ya kai 14.

Abin da sandar ba ta gani

Barnstormer wajen minti ɗaya ne daga tashi zuwa sauka. Ga babba minti ɗaya ba komai ba ne, don ya san zai ƙare. Ɗan shekara 2 bai san minti ba, bai san abin yana da ƙarshe ba, bai kuma gama rarrabe wasa da gaske ba. Ihun da manya ke yi don nishaɗi, shi a kunnensa ihun mutanen da ke cikin bala'i ne. Yaron da ya firgita kuwa abu biyu yake yi: ko ya miƙe tsaye, ko ya nemi hayewa jikin uwarsa. Duka biyun su ne ainihin abin da ƙarfen kujera ba ya so.

Saboda haka tambayar farko ita ce ko yaron na iya zama wuri ɗaya in an ce ya zauna, ko da ransa ba ya so. Yaron da har yanzu ke zare hannu daga bel ɗin mota, ko ya tsere daga hannu a bakin titi, bai kai ba, ko tsayinsa ya wuce sanda. Ana kuma duba yadda yake da ƙarar injin niƙa ko janareto, da duhu, da lilon igiya na makaranta in an tura shi da ɗan ƙarfi. Wani yaron dariya yake yi yana cewa a ƙara, wani ya ƙanƙame igiya ya yi tsit. Wannan tsit ɗin shi iyaye suka fi yi wa mummunar fassara, su ce ai bai yi kuka ba, ya ji daɗi. Sau da yawa yaron da tsoro ya kai masa iya wuya ba ya kuka sai an sauke shi, wani ma sai dare, ya farka a firgice.

Hanyar da ta fi ita ce a bi abin daki-daki. A fara da dawakin da ke zagayawa a hankali, babba na tsaye a gefe da hannu a bayan yaron. Daga nan ɗan jirgin ƙasa mai tafiya a shimfiɗe, sai lilon da ke ɗagawa sama kaɗan ya sauko. In an zo ga jirgin hawa-da-gangara, a tsaya da shi a waje ya kalli zagaye biyu ko uku daga farko har ƙarshe, ya ga mutanen da suka yi ihu sun sauko lafiya suna dariya. A gaya masa gaskiya: zai yi gudu, cikinka zai yi wani iri, ba za a iya tsayawa ba sai an gama, ina gefenka. Kada a ce masa "a hankali yake tafiya" don a samu ya shiga. Yaron da aka yi wa ƙarya a bakin lilo ya koyi cewa maganar uba a wurin tsoro ba abin dogaro ba ce, wannan kuwa asara ce da ta fi ta tikiti.

In ya ce a'a, magana ta ƙare, ko da an kai gaban layi bayan dogon jira. Nan ne muke yawan gazawa, musamman da 'ya'ya maza. "Haba, namiji da tsoro?" "Dubi ƙanwarka ma ta hau." "Matsoraci kawai." Ba na ganin jarumta a ɗaure ɗan shekara 3 a kujera yana kuka. Tsoron tsayi da na faɗuwa kariya ce da Allah Ya halitta wa yaro, ita ke hana shi faɗawa rijiya ko dirowa daga bene. Idan muka duba da kyau, gaggawar tamu ce: mun biya kuɗin shiga, muna son hoton da za mu tura wa dangi, muna son a ce ɗan wane ba ya tsoro. Yaron kuwa ba zai ko tuna ranar ba in ya girma, domin kaɗan ne ke riƙe abin da ya faru kafin shekara 3. Jirgin na nan baɗi, yana nan baɗin baɗaɗa.

Akasin haka ma na faruwa. Akwai yaro marar tsoro sam, mai jan hannun uwa yana nuna babban jirgi yana birgima. Ɗokinsa ba shaida ba ce cewa wuyansa ya yi ƙwari. Irinsa ne ma ya fi buƙatar a sa masa ido, don shi ne zai saki ƙarfe ya ɗaga hannu ko ya leƙa gefe.

Sai lafiyar jiki, wadda ita ma sanda ba ta gani. A 2005 wani ɗan shekara 4 da ya cika tsayin da ake nema ya rasu bayan hawa Mission: Space a filin Epcot na Disney, lilon da ke juya mutane da ƙarfi don su ji abin da 'yan sama jannati ke ji. Bincike ya nuna yana da ciwon zuciya da ba a sani ba. A shekarar da ta biyo baya Disney ta buɗe nau'in lilon marar juyi. Yaron da ke da matsalar zuciya, ko farfaɗiya, ko wanda aka yi wa aiki kwanan nan, ko mai lalurar Down, wadda kan zo da sassaucin ƙasusuwan saman wuya, sai an ji ta bakin likita tukuna.

Ranar Sallah a namu filayen

Wannan magana ba ta masu zuwa hutu Amurka ko Dubai kaɗai ba ce. Ranar Sallah da kwanakin da ke biye, duk inda aka kafa lilo a Kano, Kaduna, Abuja ko Yamai cike yake maƙil da yara cikin sababbin kaya, da kuɗin barka da Sallah a aljihu. Mafi yawansu ba tare da iyaye suke ba. An haɗa su ne da yayye, "Ki kula da ƙannenki," kuma yayar sau da yawa ba ta wuce shekara 10 ko 11 ba, ita ma hawan take so. Ɗora wa irin wannan yarinya alhakin ɗan yaye a kan injin da ke juyawa nauyi ne da ya fi ƙarfinta. In ba babba da zai je, ɗan yaye ya zauna gida.

Akwai wata gaskiya mai ɗaci da ta shafi awon tsayi a wurinmu. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsayin da ya dace da shekarunsu ba, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Ke nan uba na iya faɗin gaskiyarsa cewa yaron ya cika shekara 5, amma jikin na ɗan shekara 3 da rabi ne. Ƙarfen da aka ƙera a Turai ko Sin bai san shekaru ba. Inda mai lilo ya ce yaro bai kai ba, kada a yi masa "Don Allah Malam, a taimaka," kada a tura masa ɗan na goro. Inda kuma babu sanda gaba ɗaya, kowa ake zubawa muddin ya biya, wannan kansa gargaɗi ne game da yadda ake tafiyar da wurin.

Ido ba mudu ba, amma ya san ƙima. Kafin a sayi tikiti a tsaya a kalli zagaye ɗaya. Mai lilon yana bin kujera-kujera yana jan ƙarfe ko bel da hannunsa, ko daga nesa yake leƙe? Idonsa na kan masu hawa ko na kan waya? Akwai shinge tsakanin injin da masu kallo? Akwai bel da aka ɗaure da igiya ko waya, kujerar da ta tsage, wayar lantarki a ƙasa inda yara ke taka ruwa? In an zaunar da yaro, uwa ko uba su ja ƙarfen da kansu, su sa hannu tsakaninsa da cinyar yaron su ji ratar. Yaro ya zauna ta ɓangaren da mai lilo ya nuna. A naɗe mayafi da hijabi da gefen babbar riga a cusa ciki, a cire duk wani abu mai igiya a wuya, kada a bar alewa ko cingam a bakin yaro.

Gidan roban da ake hura wa iska yara su yi tsalle ma ba a bar shi a baya ba. A Disambar 2021, a wata makarantar firamare da ke Devonport a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, iska ta ɗaga irinsa sama, yara 6 suka rasu. A duba ko an kafe shi da turaku ta kowane gefe, a fitar da yara da zarar hadari ya taso, kada kuma a haɗa ɗan shekara 2 da 'yan shekara 10 a ciki, don karo da manyan yara da faɗuwa su ke kawo yawancin karaya. Ga mai ciwon sikila, dogon layi cikin rana da ƙishirwa sun fi lilon kansa zama barazana, sai a riƙe ruwa a nemi inuwa.

Disney na da wani tsari da ya kamata mu ara ko ba a rubuta mana shi ba: iyali su zo tare, babba ɗaya ya hau da manyan yara, ɗayan ya tsaya da ƙaramin, in sun sauko su yi musanya ba tare da sake bin layi ba. Ko a inda babu wannan alfarma, babba biyu ne mafi ƙarancin abin da fita da ɗan yaye ke buƙata.

Bayan an sauka ma ba a gama ba. Jiri na ɗan lokaci ko amai sau ɗaya na iya faruwa, a zaunar da yaro a inuwa a ba shi ruwa, a kuma haƙura da sauran hawa na ranar. Amma in ya bugu a kai sannan ya yi ta amai, ko barci mai nauyi ya kama shi da wuyar tashi, ko ya ƙi juya wuya, ko tafiyarsa ta sauya, ko yana kukan da ba ya lallasuwa, a wuce asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita irin lilon da ya hau da inda ya bugu.